Muhawara a guruf: wai zama shiru kana bin numfashinka magani ne?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Nidai yau sai na amayar da abinda ke cikina. Shekara da shekaru ina fama da ciwon baya, dangin miji sun gama yanke min hukunci wai raki ne da son jiki, duk gidan sunan da aka haɗu sai an jefo min habaici. Maganin kashe zafi kuwa na sha har ya taso min da olsa. Wata likita ce tace in gwada atisayen tattara hankalin nan da Turawa ke cewa maindifulnes, ki zauna shiru ki riƙa bin shigar numfashinki da fitarsa, in tunani ya ɗauke ki ki dawo ba tare da kin tsangwami kanki ba. Wlh tunda na fara nake samun barci, ciwon yana nan amma ya daina hawa min kai. Na faɗa a gida aka yi ta dariya wai na koma 'yar Indiya. To ni dai na samu magani. Amma fisabilillahi me yasa mutanenmu basa yarda mutum bashi da lafiya sai sun ganshi a kwance?

Baban Walid: Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Amma magani fa kika ce? Da bakinki kika ce ciwon yana nan, to me ya maganta?

Anti Balki: Kai Baban Walid, mace na kuka da dangin miji kai abinda ka gani kenan

Baban Walid: Anti gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Magani shine abinda zaka sha ko a shafa ko a yi maka allura ciwo ya tafi. Zama shiru kuma sunansa hutu.

Sista Rabi: To in haka ne insulin ma ba magani bane tunda baya korar ciwon suga, maganin hawan jini ma haka, har ka mutu kana sha. Kuma abin nan ba a waya aka ƙirƙiro shi ba. Jon Kabat-Zinn ne ya fara shi a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, tun asali ma saboda irin su Maman Ilham aka yi shi, masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sati 8 ake yi, kullum wajen minti 45 a gida. A 2016 an gwada da mutum 342 masu ciwon baya a birnin Seattle na Amurka, bayan wata 6 kusan 61 cikin 100 na waɗanda suka yi atisayen sun samu sauƙin zirga-zirga da aiki, waɗanda aka bari da kulawar da aka saba kuwa 44 ne.

Baban Walid: Kenan ko ba a yi ba 44 sun samu sauƙi 😂

Sista Rabi: Tsakanin 44 da 61 ba mutane bane?

Sadik Famasi: Sista da girmanki amma ki faɗi sauran mana. A wannan gwajin akwai rukuni na uku da aka yiwa maganin gyaran tunani irin na likitocin ƙwaƙwalwa, kuma kusan kunnen doki suka yi, so ba wani abin mamaki bane.

Ummu Hanif: Ni naji ance har girman ƙwaƙwalwa yake ƙarawa, da gaske ne?

Sista Rabi: Akwai binciken 2011 na masanan Harvard, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin sati 8 ɗin da bayansa suka ga hipokampus, ɓangaren dake riƙe tunawa da koyo, ya ƙara kauri. Kuma ai abin a fili yake, zafi ba a baya kaɗai yake ba, ƙwaƙwalwa ce ke fassara shi. In kina cikin fargaba amigdala, wato mai ƙararrawar tsoro, sai ta tashi, sinadarin damuwa da ake cewa kotizol ya hau, jijiyoyi su ɗaure, barci ya gudu, gobe ciwon ya ninka. Atisayen yana koya miki ki ji zafin ba tare da kin ɗora masa "na shiga uku, haka zan ƙare" ba, wannan ɗorin shi yake cinye mutane.

Sadik Famasi: Mutum 16 fa aka yiwa wancan hoton na 2011. A 2022 masanan Jami'ar Wisconsin sun maimaita da mutum sama da 200 basu ga wani canji a kaurin ƙwaƙwalwa ba. Ku nas-nas da kun ji abu ɗaya shikenan kun riƙe.

Sista Rabi: Ku nas-nas? Yaro ina duba marasa lafiya kana firamare. Ka gama makarantar tukunna, ai dole ka ƙi abinda ba a sayarwa a kanti.

Sadik Famasi: Ni ban ce baya aiki ba, bitar masanan Jami'ar Johns Hopkins ta 2014 ta tattara gwaji 47 tace yana rage damuwa da zafi daidai gwargwado. Daidai gwargwado, ba warkarwa ba. Amma tunda abin ya koma gori na yi shiru.

Malam Auwalu: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ku tambayi asalin abin. Shi wannan Kabat-Zinn ɗin a wajen malaman addinin Buda ya koya, ya cire sunan addinin ya shigo dashi asibiti. Musulmin da yake da khushu'i a sallah sau biyar me zai nema a wajen masu gunki?

Sista Rabi: Malam babu kiran sunan kowa a ciki, numfashi ne kawai. Panadol ɗin da kake sha wane shehi ne ya haɗa?

Sidi na Zawiyya: Malam Auwalu yau kuma kai ke zancen halartar zuciya? Mu da muke zama mu rufe ido muna zikiri da muraƙaba ai bidi'a kuka ce. Yanzu da Bature ya auna da na'ura ga shi an dawo hanyarmu.

Malam Auwalu: Alhamdulillah, da bakinka ka haɗa abinku da na 'yan Buda, ni ban faɗa ba.

Sidi na Zawiyya: Kaji tsoron Allah, ina na haɗa? Dama ku haka kuke, a yanko rabin magana a hau mumbari.

Anti Balki: Innalillahi, daga ciwon baya mun koma Izala da Ɗariƙa

Zee Warrior: Ni mai sikila ce, dan Allah ku bar wasa da kalmar maganin nan. Ina yin numfashin kuma yana taimaka min da fargabar jiran ciwo, amma ranar da ya tashi a ƙashi ba numfashin da zai tsayar dashi, sai asibiti da ƙarin ruwa da allura. Tsorona kar wata uwa ta karanta ta ce wa ɗanta ai hankalinka ne baka tattara ba.

Baban Walid: Yauwa ƙanwata, abinda nake faɗa kenan tun ɗazu.

Zee Warrior: Ba shi kake faɗa ba Yaya, kai cewa kayi hutu ne.

Maman Ilham: Ni fa tambayata akan dangin miji ce, ba wanda ya amsa min.

Admin Kabiru: To jama'a ya isa haka. Abinda aka tsayar: na ɗaya, abin nan ba magani bane kamar yadda Baban Walid ya faɗa kuma ɗan'uwa Sadik ya kawo hujja cewa an ƙaryata binciken. Na biyu, asalinsa akwai shubuha, Malam Auwalu ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka. Masu kawo zancen zawiyya a kiyaye, nan ba wajensa bane. Maman Ilham ki yi haƙuri da dangin miji, ki koma asibiti.

Sadik Famasi: Admin ni zancen kaurin ƙwaƙwalwa kawai na ce ba a tabbatar ba fa

Sista Rabi: Asibitin ne ai ya turo ta 🙄

Admin Kabiru: Na rufe guruf sai bayan isha'i.