Zanen duwatsun Birnin Kudu: mai hulɗa da jama'a muke buƙata ko asarar kuɗi ce?

Sakatare: Salamu alaikum 'yan ƙungiya. Shawarar da aka kawo jiya ita ce mu ware wani abu daga asusu, mu ɗora mutum ɗaya a kan hulɗa da 'yan jarida da makarantu da baƙi game da zanen Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Kawu ya ce asara ce. Bismillah.

Kawu Hedimasta: Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Mai ƙosai mai daɗi ba ta yawo da faranti, layi ake yi mata. Tun shekarun 1950 Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kan shanun nan da aka zana, gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa. Wace shela ce ta rage?

Ɗalibar Dutse: Kawu, a yi mini afuwa, amma wa ke karanta rubutun nan a Kano ko Gwaram? Kuma ba talla ake nufi ba. Talla kai ke biya a faɗi sunanka a rediyo. Wannan kuwa ka san malamin tarihi a kowace sakandare, ka amsa wayar ɗan jarida, har su yi maganarka da bakinsu. A Haɗeja ma ana kamun kifi, amma bikin kamun kifin Argungu duniya ta sani, don tun 1934 suke gayyatar baƙi suna karrama su, har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓi bikin a 2016.

Mai Babur: Ni dai ga abin da na gani. Bara na ɗauko wasu ɗalibai biyu daga tasha zuwa dutsen. Suka tambaye ni wa ya zana, na ce aljanu. Wallahi abin da na taso ina ji ke nan. Suka yi dariya suka rubuta a Facebook, har da hotona.

Sakatare: Ashe kai ne ka ja mana.

Mai Babur: To wa ya taɓa koya mini? Ko duwatsun nan masu ƙara kamar kuge in an buga, ban san abin nunawa ba ne, da na kai su.

Kawu Hedimasta: Ɗiyata, tunda kin kawo UNESCO, bari in mayar miki. A Disamban 2024 ta sa hawan Sallar Kano a jerinta, aka yi ta murna. Ƙaramar Sallar 2025 ta zo, 'yan sanda suka hana hawa saboda rikicin masarauta. Baƙon da ya yanki tikitin jirgi, wane daɗin baki ne zai fito masa da doki? Ga Baturiya can a Kirikasamma, tun 2008 tana jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya, tsuntsaye na zuwa daga Turai lokacin hunturu. Suna ya fita waje, amma je ki tambayi masunta yadda ciyawar kacala ta cinye musu ruwa.

Ɗalibar Dutse: Wannan kam gaskiyarka ce Kawu, magana ba ta yanke kacala. Sai dai baƙon Kano da ka ambata, da akwai mai gaya masa gaskiya da wuri, ya ce babu hawa a birni amma ana yi a Dutse da Haɗeja, ai da bai koma hannu rabbana ba.

Hajiya Mai Fura: Ku duk baƙon jirgi kuke hange. Motoci nawa ke wucewa ta titin Kano zuwa Maiduguri kullum? Bas ɗaya ta 'yan makaranta in ta tsaya, ƙwaryata ta ƙare kafin azahar. Amma ku fara da mu. Ni a nan aka haife ni, ban taɓa hawa na ga shanun nan ba, jikokina ma haka.

Kawu Hedimasta: Hajiya, ke ma?

Hajiya Mai Fura: Ni ma, Malam. Shekara nawa kana hedimasta, aji nawa ka kai?

Sakatare: Kawu ya karanta, bai ce komai ba.

Kawu Hedimasta: Ina nan. Albashi dai ban yarda ba. Kuɗin mai da kati, a gwada wata uku, a kawo lissafin makarantun da suka zo. Masu babur kuma su same ni ranar Asabar da hantsi a gindin dutsen, ni zan yi musu bayani.

Mai Babur: Kawu, in taho da sauran 'yan tasha? Akwai wanda ke gaya wa fasinja wai raƙuma ne.