Warin ƙasan jirgi na korar mana baƙi, ku ba ni shawara

Ɗan Kombo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na bakin kogi. Ina kula da jirgin kawuna a nan Yamai, kusa da gadar Kennedy muke ɗaure shi. Jirgin ƙarfe ne mai rumfa, da injin esansi, wato fetur, a baya. Asabar da Lahadi muna haurawa da baƙi wajen Bubon kallon dorina, wasu har su kwana bisa ruwa, shi ya sa kawu ya sa aka yi ɗan wurin wanka a ciki. Daɓensa ya yi ƙasa, ruwa ba ya iya fita kogi da kansa, sai ya gangara cikin wani akwatin roba ƙarƙashin katako. A cikin akwatin akwai ƙaramin pampo na batir mai volt 12 da fulotar, wato ɗan makunni mai tasowa bisa ruwa. In ruwa ya ɗaga fulotar, pampon ya tashi ya tura ruwan waje ta tiyo.

Tun da zafin Afrilu ya kama, warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi daga ƙasa, baƙo ya zauna yana ta toshe hanci. Ruwan wanka ba ya tafiya da sauri, yana taruwa a ƙafar mutum. Pampon kuma wani lokaci ya yi ta ƙara ba tsayawa har batir ya mutu, wani lokaci ya ƙi tashi sam, akwatin ya cika ya malale cikin ƙasan jirgi. In ka ɗaga katako baƙin ruwa ne mai yauƙi, da ɗan ƙyallin mai a samansa. Wani mai shago ya ce in zuba soda irin ta buɗe magudana, wani ya ce jabel, ruwan nan na farar da kaya. Kafin in taɓa kayan kawu na ce bari in tambayi manya.

Makaniken Gamkalle: Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye sodar nan tukuna. A gida in ka zuba ta, wucewa take ta bi bututu ta tafi. A jirgi ina za ta? Cikin akwatin za ta zauna tare da pamponka. In ta haɗu da ruwa zafi take yi sosai, ta lanƙwasa roba, ta lalata zoben da ke tare ruwa daga shiga injin pampon, in akwai alminiyom a wurin ta cinye shi. Ranar da ka sa hannu kuma ita ke jiran ka.

Cire wayar batir, kwance murfin akwatin. Ba sai na gani ba, na san abin da za ka tarar: wani farin abu toka-toka ya manne a jikin bangon, kamar kitsen da ya daskare a tukunyar miyar jiya. Sabulu ne da man shafawa da dauɗar jiki da ƙurar hunturun da ya wuce. Kwalfe ruwan a bokiti, kankare wannan dauɗa da tsumma. Akwai rariya ƴar ƙarama inda ruwan ke shigowa, zare ta ka goge da tsohon buroshin haƙori. Sai pampon: yawancinsu matsa kunnuwa biyu kake ya fito daga gindinsa. Juya shi ka dubi farfelar. Gashi ke naɗe sandarta, ya yi ƙulli baƙi mai tauri, har in ka tura ta da yatsa ba ta juyawa. Kada ka fizga. Sa reza ka tsaga ƙullin a tsaye, ka zare shi da tsinke kaɗan-kaɗan har farfelar ta koma juyawa sakayau.

Fulotar ɗin ma dauɗar nan ce ta riƙe shi. In ya maƙale a sama, pampo ya yi ta gudu ba ruwa, ya kashe batir, wata rana ya ƙone. In ya maƙale a ƙasa, shiru, akwati ya malale. Cuta ɗaya ce ke ba ka alamun nan biyu. Wanke inda yake lanƙwasawa, ka ɗaga shi ka sake, ya kamata ya faɗi da nauyinsa. Bayan ka mayar da komai, zuba ruwan ɗumi bokiti biyu ko uku, ba tafasasshe ba, ka tsaya ka ga pampon ya tashi ya kuma tsaya da kansa.

Baba Sarkin Jirgi: Yaro, mu da muka tsufa bisa kwale-kwale da gwangwani muke kwalfe ruwa, ba mu taɓa jin an ce batir ya mutu ba. Ga kogi shimfiɗe, mutum ya shige ɗaki cikin jirgi wai wanka! To, zamani ne.

Amma ga abin da makanike bai faɗa ba. Haƙarƙarin jirgi kowane da ƴar kafa a ƙasansa, don ruwa ya ratsa ya taru wuri guda mafi zurfi. Laka da ɓawon gyaɗa da ledar ruwa su ke toshe su, sai kowane tsakani ya zama tafkinsa, ruwan ya kwana ya ruɓe. Ɗaga katakon duka, ba guda ba, ka bi kafofin da waya. In ka gama, tsane ƙasan ƙaƙas ka bar shi ya kwana. Da safe ka taɓa da hannu. In ka tarar da ruwa alhali ba wanda ya yi wanka, to ba banɗaki ne kaɗai ba, jirginka na yoyo. Da damina gane wannan ba wuya: in jan ruwa ya zo wajen Agusta da Satumba, lokacin da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke zubo laka, ruwan kogi ja ne, na wanka kuwa toka-toka mai kumfa. Kalar kaɗai ta gaya maka.

Ɗan Saga: Ni dai jabel nake zubawa kuma wari na ɗaukewa. Ban ga laifinsa ba.

Inna ta Yantala: Ɗan Saga, ɗaukewa yake kwana biyu ya dawo, don dauɗar na nan kwance. Kuma yawan jabel yana busar da roba, yana sa ƙarfe tsatsa, ga jirgin yaron na ƙarfe. Murfi guda cikin bokitin ruwa sa'i-sa'i, a bi shi da ruwa mai yawa, ba zan yi musu ba. Abin da nake jin tsoro ɗana ya ji wannan ya ce jabel, wancan ya ce binegar, ya haɗa su biyun. Kada ka kuskura. Haɗuwarsu na tayar da iska mai guba, tana ƙona ido da ƙirji, ga shi kai a duƙe kake cikin rami ba iska. Binegar shi kaɗai ya isa ya narkar da farin sabulun da ya manne. Rabin kofi cikin ruwan ɗumi, ka bar shi ya ɗan jima, ka kora.

Sauran aikin kuma a sama yake, kafin dauɗar ta sauka. Sa ƴar rariya mai ƙananan ido a bakin magudanar, duk wanda ya fito wanka ka kwashe abin da ta tare. Mu mata mun san abin da ke zuba in an tsefe kai, balle gashin roba na kitso, wanda ba ya ruɓewa, ba maganin da ke narkar da shi. Sabulun dunƙule ya fi barin wannan farin abu, ajiye wa baƙi na ruwa. In kun dawo ranar Lahadi kada ka ɗaure jirgi ka tafi gida da ruwan sabulu a akwati. Rana ta haura digiri 40 tana dukan ƙarfe har Asabar, ruwa a rufe ba iska, me zai hana shi ɗoyi? Kora da ruwa mai tsabta, ka tsotse ɗan saura da soso, ka bar murfin da katako ɗaya a buɗe.

Maganar ƙyallin mai kuwa, don Allah kada ka zuba masa omo ka tura kogi. Omo ba ya kawar da mai, farfasa shi yake ya ɓace wa ido. Duk hawan da za ku yi sai kun wuce Gudel inda ake jawo ruwan da garin nan ke sha, ga masu lambu a gaɓa suna ban ruwan salati, ga masunta, ga yara na iyo. Shimfiɗa tsumma bisa ruwan ya shanye man, ka fito da shi tudu a bokiti. Ka sa safar hannu ta roba.

Mai Lantarki na Harobanda: Fofo jama'a. Tambaya ɗaya: man nan daga ina? Injinka a waje yake. In baƙin mai ne da ya zube wajen juye, da sauƙi. In esansi ne, duba jarkar da tiyonta yau ɗin nan. Tururin esansi ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya, tartsatsi guda ya ishe shi. Kafin ka taɓa waya ko ka kunna wani abu, buɗe katako iska ta ratsa, ka sa hanci ka shinshina. Ba taba, ba ashana.

Sannan haɗin wayoyin pampon kada ya kwanta cikin ruwa, ɗaure shi sama. In ka ga kore-kore a kan tagullar, yanke ka sake haɗi. A sa fizibil, abin nan mai tsinkewa in wuta ta yi yawa, daidai ƙarfin da aka rubuta a jikin pampon, kada a maye shi da zaren waya yadda wasu ke yi. Kuma ƙasan jirgi ya samu nasa pampon daban. Na wanka ba aikinsa ba ne ceton jirgi.

Ɗan Kombo: Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na buɗe. Yaya makanike, ƙullin gashin na nan yadda ka faɗa, har da abin ɗaure kitso a ciki. Kafofi na baya duk laka ce, Baba. Ƙasan ya kwana a bushe, ba yoyo, man kuma baƙin mai ne. Wari ya ragu ƙwarai. Saura abu guda: pampon ya tura ruwa ya tsaya, jim kaɗan sai in ji ruwa ya dawo akwatin, ya sake tashi. Haka yake ta yi.

Makaniken Gamkalle: Ruwan da ya rage cikin tiyo ne ke gangarowa baya. A kan tiyon kusa da akwatin akwai wani ɗan bawul da ke barin ruwa ya wuce gaba ya hana shi komowa. Kwance shi, za ka ga gashi ko yashi ya hana leɓen robar rufewa, ko jabel ya busar da shi ya kangare. In ya kangare sai sabo, kuma ka lura da kibiyar da ke jikinsa, waje za ta kalla. Bi tiyon da hannu har bakin fita: ya hau sama kai tsaye, kada ya yi ciki a tsakiya inda ruwa zai kwanta, bakinsa kuma ya kasance sama da fuskar kogi ko jirgi ya cika da mutane. In tiyon mai ƙwarya-ƙwarya ne a ciki, canza shi da mai santsi, yawanci na milimita 19 ne. Yanko guntun tsohon ka tafi da shi kasuwar Katako don a gwada maka faɗin, ka haɗo da maɗaurai biyu waɗanda ba sa tsatsa.