Baba ya ƙi ajiye keken hawa dutse, yaya za mu yi?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar likitoci da masu hawa keke, musamman waɗanda suka manyanta.

Mahaifinmu ya haura shekara 65, a Jos yake zaune, kuma tun yana aiki yake hawa kekensa mai kaurin taya da giya zuwa duwatsun Shere. Yana da hawan jini, yana shan magani, kwanan nan likita ya ƙara masa asfirin. Abin da ya tayar mana da hankali ke nan. Asfirin yana tsinka jini, idan ya faɗi kansa ya bugi dutse, jini na iya taruwa a cikin kai ko da ba a ga rauni a waje ba. Ga ƙashi yana rage ƙwari da tsufa, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da dattijo watanni.

Yayanmu ya ce a ɓoye keken kawai. Ni ban yarda ba. Keke ba ya wahalar da gwiwa kamar gudu, kuma duk lokacin da ruwan damina ya hana Baba fita, sai awon jininsa ya hau, barci ya gagare shi. Mun roƙe shi ya koma kwalta, ya ce manyan motoci sun fi dutse haɗari. Hular kwano dai yana sakawa.

Akwai gwajin zuciya da ya kamata a yi masa kafin ya ci gaba da hawa tudu? Kuma ta yaya za mu roƙe shi ya bar gangara mai tsakuwa ba tare da ya ji mun raina shi ba?