"Zanzibar ƙauye ce": yadda aka kwana a zauren 'yan ajinmu

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan aji. Jiya da daddare muka sauka Abuja, kuma tun a jirgi nake tauna wannan magana. Duk wanda ya tara kuɗinsa zai je tsibiri don iyo da hawa kwale-kwale da shan iska, kada ya bari ejan ya yi masa daɗin baki ya tura shi Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya. Ya daure ya ƙara kuɗi ya tafi Maldives. Ni dai an yi mini sakiyar da ba ruwa. Kwana 6 muka yi ni da uwargida, 4 a ɗaki muka ƙare su, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ranar da gari ya washe muka sauko bakin teku a Paje da kayan iyo, sai muka tarar ruwan ya gudu. Wallahi ya gudu. Ka yi ta tafiya a kan jiƙaƙƙen rairayi, ruwa iya idon sawu, ga mata can tsugune suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiya. Ga wahalar biza kafin mu tashi, ga inshorar dole dala 44 kowane mutum. Zanzibar ƙauye ce da aka zagaye da ruwa, hoto ne kawai ke yi mata kwalliya.

Ɗan Bukur: Maraba da Alhaji, an sha hanya. Amma ƙauye? Kai da ranar da aka kawo ka makaranta ka tsaya kana kallon fanka tana juyawa har aka buga ƙararrawa?

Baban Ummi: Ka fara ko?

Injiniya: Baban Ummi, a watan Afrilu ka je fa. Daga Maris zuwa Mayu daminarsu ce babba, shi ya sa ejan ya samo maka ɗaki da arha. Batun ruwa kuwa, ba guduwa ya yi ba. Sau biyu a yini yake janyewa ya dawo, kusan awa 6 tsakani, kuma a gabashin tsibirin inda Paje take ya fi yin nisa. Da Nungwi ko Kendwa ka sauka, can arewa, da ka yi iyo safe da yamma. Ita Paje 'yan wasan lemar nan da iska ke ja a kan ruwa suka fi zuwa.

Barista: Ku tsaya, ni kalmar nan ce ta tsaya mini a rai. Me ake nufi da ƙauye? Garin da Sarkin Oman ya baro Maskat ya dawo da fadarsa can tun ƙarni na 19? Tsohon birninsu, Stone Town, a 2000 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. A 1896 Turawan Ingila suka jera jiragen ruwan yaƙi suka yi wa fadar luguden wuta, yaƙin ko awa ɗaya bai kai ba. Wane ƙauye ka taɓa ji an tura wa jiragen yaƙi? Ka janye kalmar.

Baban Ummi: Barista ba kotu muke ba. Ni abin da idona ya gani na faɗa. Awaki, kaji, gidajen langa-langa, da zarar ka fito daga ƙofar otal.

Maman 'Yan Biyu: To a Gwarimpa ba awaki ne?

Malamin Hausa: Afuwan, gyara kaɗan. Tunda ƙauye namiji ne, ai "ƙauye ne" ya kamata ya ce.

Barista: A'a Malam, gari mace ce. Kano ce, Zariya ce, Zanzibar ce.

Malamin Hausa: Kai ma ka ji abin da ka faɗa? "Gari mace ce." Shekara 19 ina koyar da wannan abu.

Ɗan Bukur: Kuma shekara 19 yara suna faɗuwa.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai na je bara waccan da ƙanwata, kuma ban ga abin rainawa ba. Kai Baban Ummi ka je dajin Jozani? Birai ne jajaye masu farin gashi a ka kamar tsofaffi, a saman kanka suke zaune suna cin ganye, ko kallo ba ka ishe su ba. Ka je gonar kayan ƙamshi? Wani yaro ya ɓare mini ɓawon bishiya ya ce in shinshina, ashe kirfa ce. Kanumfarin da muke saya ƙulli-ƙulli a Taminus na gan shi ɗanye a jikin reshe, kore-kore da ja-ja, aka shanya wani a tabarma bakin hanya, ƙamshi har cikin mota. Da magariba mu sauko Forodhani, dandalin masu sayar da abinci a bakin teku, a matse maka rake da citta da lemun tsami a gabanka, ga kiran salla ta ko'ina. Mun hau kwale-kwale zuwa tsibirin Changuu mun ga kunkurun da ya fi turmi girma. In wannan ne ƙauye, Allah ya sa ni baƙauya.

Baban Ummi: Ba mu samu zuwa ba, ana ruwa.

Maman 'Yan Biyu: Ashe ɗakin otal ka gani, ba Zanzibar ba.

Baban Ummi: Jama'a, ni fa maganar da na kawo ita ce Maldives ta fi. A tsaya a kan wannan.

Hajiyar Maitama: Ɗan'uwa, ka taɓa zuwa Maldives ɗin?

Baban Ummi: Ina da niyya.

Hajiyar Maitama: To ni na je. In Zanzibar ƙauye ce, inda aka sauke mu ko unguwa bai kai ba. Minti 15 na zagaye tsibirin da ƙafa, da takalmina a hannu. Ruwan kam masha Allah, ka sa tabarau da bututun numfashi ka kifa fuska, kifi kala-kala a gabanka kamar an watsa zannuwa. Amma in ka fito daga ruwa shi ke nan. Ba tudu, ba daji, ƙasar gaba ɗaya shimfiɗe take dab da ruwa. Kwana na uku maigida ya fara ƙirga bishiyoyin kwakwa. Kuma ko ruwan sha ka ɗauka sai an rubuta maka da dala. Abin da na yaba musu kawai, a filin jirgi ake buga maka biza ta kwana 30, ba jira ba roƙo.

Liman: Ni abin da ke damuna ba ƙauye ko birni ba. Mutum ya ɗauki iyalinsa ya kai su inda Turawa ke yawo tsirara, ya dawo yana kukan ruwa ya janye. Ai gara da ya janye.

Hajiyar Maitama: Allah gafarta Malam, Maldives ƙasar Musulmi ce fa, Zanzibar ma kusan duka Musulmi ne. A Maldives, tsibiran da mutanen gari ke zaune ba a sayar da giya ko kaɗan.

Liman: A tsibiran otal fa, Hajiya?

Hajiyar Maitama: Ni da hijabina na shiga ruwa, ba wanda ya ce mini kanzil.

Liman: Ban tambayi hijabinki ba.

Maman 'Yan Biyu: Malam, a otal-otal ɗin Abuja zamzam ake sayarwa?

Auta: Yayyena, tunda an zo maganar, ni bikina bayan Babbar Salla ne. Seychelles ko Sao Tome, wanne kuke gani? Ita amaryar hawan dutse take so, ba kwanciya a rairayi ba.

Injiniya: Seychelles tana da duwatsu sosai, na tsibirin Mahe ya haura mita 900, a La Digue kuma da keke ake yawo. Sai dai a 2023 sun tsaurara wa masu fasfon Najeriya shiga, ka bincika da kyau kafin ka ba kowa kuɗinka. Sao Tome nan kusa da mu take a mashigin tekun Gini, daji da gonakin koko, dutsensu ya haura mita 2,000, amma harshen Fotugal suke yi.

Ɗan Bukur: Hawan dutse? Auta, kana da duwatsun Shere a bayan gidanku a Jos za ka je nemo dutse a tsakiyar teku? Ku 'yan Abuja haka kuke. Mutum ya yi shekara 10 a Kubwa ya fara kiran ko'ina ƙauye. Abujar ma mece ce? Garuruwan Gbagyi ne har 1976 da Murtala ya ce a nan za a yi babban birni, sai 1991 aka tare. Lokacin da Jos take da jirgin ƙasa da gidan tarihi, Wuse doya ake nomawa.

Barista: Ka ga, kai ma yanzu ka mai da ƙauye zagi. Noman doya laifi ne? Wannan raini ne ga Gbagyi, kuma ka san uwar 'ya'yana Gbagyi ce.

Ɗan Bukur: Ban zagi kowa ba, tarihi na faɗa.

Barista: Tarihin son zuciya.

Baban Ummi: Ni a Gwarimpa nake, ba Kubwa ba.

Hajiyar Maitama: Mu ma muna da wuraren fita ai. Ga tafkin Jabi, ga dutsen Zuma, ga Gurara.

Ɗan Bukur: Zuma da Gurara duk a Jihar Neja suke, Hajiya. Aro kuka yi. Jabi kawai ne naku, shi ma in ka buga kwale-kwale sau uku ka kai ɗaya gaɓar. Ku zo Filato ku ga magangarar ruwa ta Assop da damina, ku ga duwatsun Riyom da aka ɗora kamar da hannu.

Hajiyar Maitama: Kai kuma tafkin Rayfield ɗin da kuke taƙama da shi ba ramin kuza ba ne da ruwa ya cika?

Ɗan Bukur: Raminmu ne dai, ba na aro ba.

Ma'aji: Salamu alaikum. Ban so in sa baki ba. Amma tunda Allah ya hore har ana biyan inshora da dala, ina tunatar da Baban Ummi kuɗin wata-wata na ƙungiya, wata 7 ke nan. Gudummawar jinyar ɗan ajinmu ma da aka yanka dubu 10 kowa, sunansa ba alama.

Ɗan Bukur: Allahu Akbar. Ruwa ya janye, an ga abin da ke ƙasa.

Baban Ummi: Ma'aji, wannan tonon silili ne. Ba ka da lambata? Kuma tafiyar nan uwargida ce ta biya rabi da kuɗin adashinta.

Maman 'Yan Biyu: Wayyo baiwar Allah. Ta zuba adashi shekara guda, an kai ta ta ga ruwan sama.

Liman: A bar shiga tsakanin miji da mata.

Barista: Har yanzu dai bai janye kalmar ba.

Malamin Hausa: Kuma "ne" ne.

(Barista ya fita daga zaure.)

(Shugaba ya dawo da Barista.)

Injiniya: Ko akwai wanda ya karanta abin da na rubuta kan daminarsu? Daga Yuni zuwa Oktoba ne lokacin zuwa.

Auta: Ni fa har yanzu ban samu amsa ba.

Shugaba: To jama'a, ƙarfe 1 na dare ta wuce, saƙo ya haura 200, na goge hotunan da ba su da alaƙa da zancen da kuma muryar minti 9 da Liman ya turo. Ga abin da na fahimta a taƙaice. Baban Ummi ya yi kuskure da ya ce ƙauye, kuma kusan kowa ya yarda da haka, shi ma zuciyarsa ta yarda ko bakinsa bai faɗa ba. Maldives da yake yabo bai taɓa zuwa ba, wadda ta je kuma ta shaida mana ba komai can sai ruwa da tsada. Seychelles ba sa marhabin da mu. Sao Tome ba ma jin yarensu. Zanzibar ba laifi, amma sai an yi biza, an biya inshora, an kwana a hanya ta Addis Ababa, a je kuma a tarar ruwa ya tafi yawo. Maganar Ɗan Bukur ce na ga ba wanda ya iya karyawa: Zuma ba na Abuja ba ne, kuma duk abin da ake nema a waɗancan tsibirai, in ka cire gishirin ruwa, akwai shi a Filato, ga sanyi kyauta. Ba don ina zaune a Jos na faɗa ba. Saboda haka taron ƙarshen shekara a nan za a yi, Asabar mu hau Shere da sassafe, Lahadi masu komawa Abuja su tsaya Assop a kan hanyarsu. Auta, ka kawo amarya, an gama maganarka. Batun "ne" da "ce" Malam da Barista su ƙarasa ta waya. Baban Ummi ya ga Ma'aji kafin Juma'a. Na rufe zaure sai da safe.