Mutum-mutumin anime daga dilar gwanjo: ya ake gane na ainihi?

Sadik, Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani mai gwanjon kayan wasan yara ya buɗe dila, an samu mutum-mutumin anime (katun na Japan) guda shida: Naruto biyu, Luffy, Zoro, Goku da Tanjiro. Biyu ne kawai ke da kwali, an rubuta Banpresto a jiki. Ya ce in zaɓa kafin ranar kasuwa. Me zan duba in raba na ainihi da jabu? Sannan akwai wanda ke ajiye a wurina tun bara, jikinsa ya soma danƙo kuma ya karkace. Ɗakin rufin kwano ne.

Baban Halifa, Kazaure:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara sanin abin da ke hannunka. Irin waɗannan ba don kanti aka yi su ba, kyautar na'urar wasa ce a Japan, wadda ake saka kuɗi a sarrafa ƙugiya ta ɗauko kwali. Hukuma a can ta ƙayyade darajar irin wannan kyauta, da yen (kuɗin Japan) 800 ce, a 2022 aka ɗaga zuwa kusan 1,000. Shi ya sa ko na ainihi ba zai kai ingancin manyan nan masu ma'aunin 1/7 da 1/8 (kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas na tsayin jarumin) ba. Masu yin su huɗu ne sanannu: Banpresto, Sega, Taito da FuRyu.

Ido za ka fara dubawa. A na ainihi bugun idon yana fita tsaf, biyun suna kallon wuri ɗaya. A jabu sai ka ga ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka, ko baƙin ya zarce cikin fari. Daga nan fata: ta ainihi ba ta sheƙi, ta jabu kamar an shafa mata man gyaɗa. Juya faifan da yake tsayawa a kai, ko tafin ƙafar, ka nemi alamar © da aka zana a jikin robar tare da sunan masu haƙƙi. Sai ka gwada haɗa shi. Yawancinsu a rarrabe suke zuwa, kai ko ƙugu daban, kuma turakun ƙafa su shige ramin faifai ba tare da dambe ba. In sai an fere da reza kafin ya shiga, ajiye masa kayansa. Ka kuma shinshina. Jabu na tashin warin fenti mai hawa kai.

Kada rubutun China ya tsorata ka, na ainihin ma galibi a can ake ƙera su.

Maman Nana, Dambatta:
Yaya Baban Halifa ya gama magana kan jiki, bari in ƙara kan kwali. Na One Piece (su Luffy da Zoro) da Dragon Ball (su Goku) suna zuwa da 'yar sitikar kamfanin Toei Animation mai hoton kan kyanwa. Rashinta abin tuhuma ne, amma samunta ba hujja ba ce, don ana buga ta jabu, kuma kwalin gwanjo na iya ɗaukar abin da ba nasa ba. Awo ya fi sitika gaskiya. Karanta sunan jerin a kwalin ka sa tef: World Collectable kusan santimita 7 ne, Q posket wajen 14, Grandista kuwa yana kaiwa 27 ko 28. Sai ka nemo hoton kamfani a shafin intanet na MyFigureCollection ka jera da naka, musamman tsinin gashi da yatsu, don wanda aka kwafa daga jikin wani yakan fito da dakusassun gefuna.

Batun daraja, Malam Sadik, kar ka ɗauke su jari. Ana buga su da yawan gaske, wasu ma a sake bugawa. Duba farashin na hannu a shafin Mandarake ko Suruga-ya, shagunan Japan masu sayar da na hannu, ka ƙara kuɗin jigila, ka ga iyakar abin da ya cancanci ka biya. Marar kwali ya sauka, wanda ya rasa faifai ko takobi ya fi sauka. Zoro takubba uku gare shi, ƙirga su da na hannu da na baki da na ƙugu kafin ka miƙa kuɗi.

Usta Habu, Gumel:
Danƙon nan ba datti ba ne. Robar PVC ce, ana cuɗa ta da wani sinadari mai sa ta laushi, zafi ke fito da shi waje. In iska ba ta ratsawa sai ya kwanta a jiki. Shi ya sa ban goyi bayan barin su a rufe cikin kwali ba a ƙasarmu, duk da rufaffe ya fi kuɗi. Zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano ba ya barin roba lafiya.

Zuba ruwa mai ɗan ɗumi a kwano, ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan, jiƙa shi kamar awa biyu, ka bi lunguna da buroshin haƙori mai laushi, ka ɗauraye ka shanya a inuwa. Ban da kananzir, fetur, tina ko abin goge jan farce, nan take suke cin fenti.

Karkacewa kuma, dafa ruwa ka surka har ya zama hannu na iya taɓawa ya janye, bai kai tafasa ba. Tsoma ƙafar minti ɗaya, miƙe ta a hankali, ka riƙe a haka ka tsunduma cikin ruwan randa. In nauyinsa a ƙafa ɗaya yake zai sake komawa, don haka ka tokare shi ko ka kwantar da shi har zafi ya wuce.

In akwai ɗakin soro a gidan, mayar da su can. Sho-gilas mai rufi nesa da taga ya fi, saboda rana na koɗar da launi ta mayar da fari rawaya, ga ƙurar hunturu. Masu gida da ba sa son mutum-mutumi a fili ma hankalinsu zai fi kwanciya. A riƙa buɗewa lokaci-lokaci ya sha iska. Kwalayen kuma a ɗaga su daga ƙasa da jikin bango, gara ba ta jira.

Sadik, Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, Goku ba shi da alamar © ko'ina, Zoro kuma takobi biyu kawai. Zan ɗauki Luffy da Naruto mai kwali. Usta, ƙaramin turken ƙafar Tanjiro ya karye a cikin faifai, sufa-gulu zai riƙe?

Usta Habu, Gumel:
Zai riƙe, amma ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace, don tururinsa na barin farin tabo a fenti. Abin da ya fi ƙarko shi ne ka huda ɓangarorin biyu da allura, ka sa guntun siririyar waya a tsakani kafin ka manne, ka bar shi ya kwana.