Ma'aikacin gwamnati da shagon gefe: a kama ko a ƙyale?

Malamin Firamare, Bolari:
Salamu alaikum. Tun jiya maganar Barista take ci mini rai, wai doka ta hana ma'aikacin gwamnati kasuwanci. Ni dai na ce duk ranar da aka dage da wannan doka a Gombe, zalunci za a yi. In na tashi daga makaranta nakan buɗe ɗan shagon kayan masarufi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wa zai riƙe gida da wannan?

Barista:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba ni na ƙirƙiro ba. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a tasa, noma kaɗai aka bar masa. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata kuma tana da ikon sauke mutum, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace abin da ya tara ta hanyar cin amanar ofis.

Hajiya, Jekadafari:
Malam, ka yi haƙuri, ni ina goyon bayan dokar. Na kai mahaifiyata wani asibitin gwamnati tana numfashi da ƙyar. Ma'aikacin ya rubuta magani, ko ɗaga kai bai yi ba ya ce babu a nan, ya kwatanta mana wani kemis a tsallaken titi. Na bar ta a kan benci na fita da gudu cikin rana. Daga baya muka ji kemis ɗin nasa ne. Irin wannan kuma a ƙyale shi?

Malamin Firamare, Bolari:
Allah ya ƙara wa Mama lafiya, Hajiya. Wannan ya ci amana, a hukunta shi. Amma ni ban taɓa tura ɗalibi shagona ba, ban bar aji ba. Me ya haɗa mu?

Baba Mai Fansho, Kumo:
'Ya'yana, ku saurara. Abin da ya fi damuna shi ne wannan noman da aka halatta. Babban ma'aikaci ya gina gidaje, in ka tambaya ya ce noman rani yake a Dadin Kowa. Wa ya taɓa zuwa ya ƙirga buhunan? Doka ta ce kowa ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata in ya kama aiki, duk bayan shekara huɗu, da kuma in zai sauka. Mun cika fom ɗin nan, an rufe a ofis. Marigayi 'Yar'adua ya buɗe nasa ga jama'a a 2007, amma doka ba ta tilasta wa kowa yin haka ba.

Barista:
Gaskiyarka, Baba. Sai dai kotun ta taɓa manya. Ta samu Alƙalin Alƙalai Onnoghen da laifi a 2019, ta kuma gurfanar da Saraki yana shugaban Majalisar Dattawa.

Baba Mai Fansho, Kumo:
Ƙarasa mana, Barista. Kotun Ƙoli ta wanke Saraki a 2018, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke Onnoghen a 2024. Gwamna mai ci kuwa sashe na 308 na tsarin mulki ya ba shi rigar kariya. To in an ce a aiwatar, kan wa za ta faɗa? Kan Malam da shagonsa.

Hajiya, Jekadafari:
Baba, don manya suna sha ba shi zai sa a bar mai kemis ya ci gaba da cutar marasa lafiya ba. A fara daga sama, na yarda, amma a sauko.

Malamin Firamare, Bolari:
To Barista, ka ba ni amsa ɗaya. In na sa shagon da sunan maiɗakina, ita ke zama, ni nake saro kaya a Babbar Kasuwa ranar Asabar, na karya doka ko ban karya ba?