Ina kuke ajiye rigar sanyi idan kun je fati?

Sabon ɗalibi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Bana na shiga jami'a, kuma sanyin garin nan ba na wasa ba ne. Daren Asabar 'yan ajinmu suka haɗa fati a wani gida. A waje haƙora na kaɗawa, a ciki kuwa jama'a sun cika falo, zufa kamar an watsa min ruwa. Haka na yi ta yawo rungume da kwat ɗina kamar mai jego. Ku ya kuke yi da naku?

'Yar ajin ƙarshe: Ƙanina, ka gode Allah da ka koma da naka. Masu gida sukan ce kowa ya zuba tasa a kan gado a ɗakin ciki. Na zuba tawa, baƙa, ashe rabin tulin baƙaƙe ne. Ƙarfe 2 na dare na zo ɗauka, wayam! Ba sata ba ce, wata ce ta ɗauka a duhu, bayan kwana 3 ta dawo min da ita tana ta ban haƙuri. Amma makullin ɗakina da katin shaidata suna cikin aljihun, a ƙasan ɗakin ƙawata na kwana. Tun ranar nake kwashe komai daga aljihu kafin in cire riga, na kuma ɗaura jan zare a jikin zif ɗin.

Mai karatun injiniya: Ni gwanjo na saya musamman saboda fita da dare. Mai kalar ruwan goro ce, muninta ya isa har ba mai kuskuren ɗauka. Mai tsadar tana ɗaki.

Ɗalibar aikin jinya: Kome za ku yi, kada ku bi masu cewa a bar ta a gida tunda tafiyar minti 10 ce. Kun fito da jiƙaƙƙen jiki, iska ta buga, zafin jiki yana zurarewa da sauri. Da zarar ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga hatsari. Waɗanda suka sha giya sun fi shiga uku, domin tana buɗe jijiyoyin jinin da ke fata, mutum ya ji ɗumi alhali jikinsa sanyi yake ƙara yi. Da kaina na taɓa raka wata asibiti a kan haka.

Mai karatun injiniya: Gaskiyarki, anti. In wurin yana da masu ajiyar riguna, ku ɗauki hoton tikitin da suka ba ku a waya, takardar nan saurin ɓata gare ta.

'Yar ajin ƙarshe: Wata dabarar: ni da ƙawayena mukan cusa hannun rigar wannan cikin na waccan mu ƙulle. Mai sauri ba ya tsayawa kwance riguna 4.

Sabon ɗalibi: Na gode. Gobe zan nemo mai munin. Akwai wanda ya san kalar da ta fi ruwan goro korar mutane?